Daga Ina Motar Za Ta Fara? Tarihin Lissafin Raba Kaya Shago-Shago

Ka ɗauka kai ne manajan wani gidan burodi. Ƙarfe biyar na asuba an gama gashi, an jera burodi a mota, direba ya tayar da inji yana jiran ka faɗa masa inda zai nufa. Shaguna 25 ne ke jiran kaya, a warwatse cikin gari. Wanne zai fara zuwa, wanne zai biyo baya, ta ina zai dawo? Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, wannan tambaya ta daina zama ta wasa. Duk kilomitar da motar ta yi a banza, daga ribarka aka yanke ta.

Za ka ce to ai da sauƙi, a ba kwamfuta ta gwada duk hanyoyin da za a iya bi, ta zaɓo mafi gajarta. Ni ma haka na zata. Lokacin da na fara karatun wannan fanni, na rubuta 'yar manhajar da za ta yi hakan. Da shago 8, kafin in ɗauke hannu amsa ta fito. Da shago 10 na ɗan jira. Da na sa 13, na je na yi sallar isha'i, na ci abinci, na dawo, fankar kwamfutar na ta kuka, amsa shiru.

Ga dalili. A shagon farko kana da zaɓi 25. Kowanne ka ɗauka, saura 24 a na biyu, 23 a na uku, haka har ƙasa. Sai ka riƙa ninkawa, 25 sau 24 sau 23 har zuwa 1, sannan ka raba biyu, tunda zagayen da ka bi ta dama da wanda ka juya ka bi ta hagu tsawonsu ɗaya ne. Shago 5 na da zagaye 60. Shago 10, zagaye 1,814,400. Shago 15 ya haura biliyan 650. A ce kana da kwamfutar da ke duba zagaye biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, shago 20 zai ci mata kusan shekara 39, shago 25 kuwa fiye da shekara miliyan 240. Kafin nan burodin ya daɗe da yin fumfuna. Kuma wannan mota ɗaya ce fa. In motocin uku ne, kowacce da iyakar abin da za ta ɗauka, sai an fara raba musu shagunan tukuna kafin a zo maganar jeri.

Duk da haka kullum safiya motoci na fita, kaya na isa. Abin da manyan kamfanonin jigila suka dogara da shi, masana na kiransa hiyuristik. Kalmar daga Girkanci take, daga tushen da ke nufin ganowa. Mu a nan bari mu kira ta dabarar kintace: ƙa'ida mai sauƙi da ke ba ka amsa mai kyau cikin gaggawa, ba tare da ta yi maka alkawarin cewa babu wadda ta fi ta ba. Yadda masana lissafi, mutanen da aka sani da son tsantsar hujja, suka zo suka yarda da kintace, shi ne labarin da zan ba ka.

Ɗan koli da ɗan aike

A 1832 an buga wani ɗan littafi da Jamusanci domin 'yan kasuwa masu yawon talla gari-gari, kamar dai 'yan kolinmu masu bin kasuwanni. Marubucin ya ja hankalinsu cewa tsara jerin garuruwan da kyau na rage ɓata lokaci, har ya zana musu wasu zagaye a cikin Jamus. Babu lissafi a ciki, gogewa ce kawai ta wanda ya daɗe a kan hanya. Irin waɗannan masu talla ne aka sanya wa matsalar sunansu daga baya, don haka mu ce mata matsalar ɗan koli.

A 1930 wani masanin lissafi a Viyana ta ƙasar Ostiriya, Karl Menger, ya gabatar da ita a gaban abokan aikinsa da sunan matsalar ɗan aike. Ya lura da abu biyu. Na farko, ana iya warware ta ta hanyar gwada duk jerin, amma ba a san wata ƙa'ida da za ta rage yawan gwajin ba. Na biyu, dabarar da kowa zai fara tunani, wato daga inda kake ka tafi wuri mafi kusa da ba ka je ba, ba kullum take ba da hanya mafi gajarta ba.

Gwada da kanka. A ce gidan burodin na kan titi ɗaya miƙaƙƙe. Akwai shago kilomita 1 ta gabas, wani kilomita 2 ta yamma, wani kuma kilomita 5 ta gabas. Mai bin mafi kusa zai fara da na kilomita 1. Daga nan na yamma ya fi kusa, kilomita 3, sai ya juya. Sannan ya sake juyowa ya yi kilomita 7 zuwa na ƙarshe, ya dawo gida kilomita 5. Jimilla 16. Da ya gama da gabas gaba ɗaya sannan ya wuce yamma, 14 kawai zai yi. Gwaje-gwajen kwamfuta na daga baya sun nuna cewa idan wuraren na da yawa kuma a warwatse suke, wannan dabara kan ƙara kusan kashi 25 cikin 100 a kan hanya mafi gajarta. Wato inda ya kamata ka ƙona lita huɗu, sai ka ƙona biyar.

Zare da ƙusa a kan taswira

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganar ta koma Amurka, musamman cibiyar bincike ta RAND da ke Kalifoniya. A can akwai George Dantzig, wanda a 1947 ya fito da wata babbar hanya ta lissafin rabon kaya da dukiya mai suna simplex. A 1954 shi da Ray Fulkerson da Selmer Johnson suka ɗauki birane 49, ɗaya daga kowace jiha cikin jihohi 48 na Amurka a lokacin, sannan birnin Washinton. Suka samo zagaye mai tsawon mil 12,345, kuma suka kafa hujjar cewa babu wanda ya fi shi gajarta. Da hannu suka yi lissafin.

Yadda suka yi abin lura ne. Ba su gwada duk hanyoyi ba, wannan kam ba mai yiwuwa ba ne. Sun kafa ƙananan ƙusoshi a kan taswira, suka zagaya zare a kansu har idonsu ya ba su zagayen da suke ganin ya yi. Daga nan lissafi ya shigo, aikinsa shi ne ya nuna cewa akwai wani adadin mil da babu zagayen da zai iya gazawa da shi. Da adadin ya zo daidai da tsawon zarensu, magana ta ƙare. Ka ga ke nan, ko wannan hujja mai ƙarfi daga kintacen ido ta faro.

Wannan hanya ta ci gaba da bunƙasa. A 2004 an tabbatar da zagaye mafi gajarta na garuruwa 24,978 na ƙasar Suwidin, a 2006 kuma na ɗigo 85,900 a kan wani guntun lantarki. Sai dai na ƙarshen nan ya ci lokacin kwamfutoci da idan aka tara ya haura shekara 100. Kuma duk wannan matafiyi ɗaya ne, ba ruwansa da nauyin kaya.

Tankokin mai

Nauyin kaya ya shigo a 1959. Dantzig ya haɗu da John Ramser na wani kamfanin mai a Filadelfiya, suka wallafa takarda a mujallar Management Science kan yadda za a tura tankoki daga daffo zuwa gidajen mai. Kowane gidan mai da yawan man da yake buƙata, kowace tanka da iyakar cikinta, ana so a kai wa kowa da mafi ƙarancin tafiya. Masu bincike na ɗaukar wannan takarda a matsayin mafarin fannin tsara wa motocin kaya hanya.

Abin sha'awa, mutumin da shekara biyar baya ya kafa hujja kan birane 49, a nan bai yi alkawarin amsa mafi kyau ba. Shi da Ramser sun faɗa ƙarara cewa dabararsu na kaiwa kusa da ita ne kawai, kuma ba a riga an gwada ta a aikin gaske ba. Misalin da suka warware gidajen mai 12 ne kacal. Dalilin wahalar shi ne tambayoyi biyu ne suka sarƙe da juna: wace mota za ta je wa wa, kuma a wane jeri? Ba ka sanin kyawun rabo sai ka san tsawon zagayen, ba ka sanin zagayen sai ka yi rabo.

Dabarar rara daga Manchesta

Amsar da ta fi daɗewa tana aiki ta fito ne daga Ingila a 1964. G. Clarke ma'aikaci ne a Co-operative Wholesale Society, wata babbar ƙungiyar gama-kai ta sarin kaya a Manchesta da ke kai wa kantuna kaya kullum. J. W. Wright kuma na Jami'ar Manchesta ne. Sun ga dabarar Dantzig da Ramser ta fi damuwa da cika mota fiye da rage tafiya, sai suka juya tambayar. Suka ce a fara da tsari mafi muni, kowane kanti a yi masa sawu nasa shi kaɗai, a je a dawo. Sannan a tambaya: in na haɗa kanti biyu a sawu ɗaya, kilomita nawa zan yi rara?

Mu koma gidan burodinka da wani misali da na ƙirƙira. Shago huɗu ne. Daga gidan burodi zuwa shagon Audu kilomita 6, na Bala 7, na Cindo 5, na Dauda 8. In kowa aka yi masa sawunsa, zuwa da dawowa kilomita 52 ke nan. Tsakanin Audu da Bala kilomita 2 ce. In ka haɗa su, ka huta dawowa daga wurin Audu da sake fita zuwa wurin Bala, wato 6 da 7, amma ka ƙara 2 ta tsakaninsu. Rara ita ce 6 a tara da 7 a ɗebe 2, saura 11. Haka za ka yi wa kowane shago biyu, ka jera daga babba zuwa ƙarami:

Audu da Bala, tsakaninsu 2, rara 11.
Cindo da Dauda, tsakaninsu 4, rara 9.
Bala da Dauda, tsakaninsu 10, rara 5.
Audu da Dauda, tsakaninsu 11, rara 3.
Bala da Cindo, tsakaninsu 10, rara 2.
Audu da Cindo, tsakaninsu 10, rara 1.

A ce motarka na ɗaukar burodi 100. Audu na son 40, Bala 50, Cindo 30, Dauda 50. Fara daga sama. Audu da Bala 90 ne, mota za ta ɗauka, haɗa su, 52 ta koma 41. Cindo da Dauda 80 ne, haɗa su, ta koma 32. Na gaba Bala da Dauda, amma haɗa su na nufin haɗa sawun biyu gaba ɗaya, burodi 170, ya fi ƙarfin motar. Sai ka tsallake, sauran ma duk haka. An tashi da sawu biyu, kilomita 32 maimakon 52. Da motar babba ce mai ɗaukar 170, da ka yi zagaye ɗaya, Audu, Bala, Dauda, Cindo, kilomita 27.

Ka lura da hikimar da ke ciki. Rara ta fi yawa a wurin shagunan da suke nesa da daffo amma kusa da juna, don haka su ake fara haɗawa. Dabarar bin mafi kusa kuwa ita ce ke barin na nesa sai a ƙarshe, lokacin da za su fi tsada. Ga shi tarawa da ɗebewa ne kawai, akawu mai fensir da takarda zai iya. A gwaje-gwajen da aka saba yi, amsarta kan wuce mafi kyawun da aka sani da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai. Shi ya sa bayan shekara sittin har yanzu tana cikin manhajoji da yawa, ciki har da OR-Tools ta Google, a matsayin wurin farawa.

Shekara goma bayan haka, a 1974, Billy Gillett da Leland Miller suka yaɗa wata dabarar mai sauƙin gani da ido. Ka ɗauki daffo a matsayin tsakiyar agogo, ka juya hannun agogon a kan taswira. Duk shagon da hannun ya taɓa, saka shi a mota ta farko har ta cika, sannan ka ci gaba da ta biyu. Kowace mota ta sami yankinta kamar yankan kankana, sai a tsara jeri a cikin kowane yanki. Tana kyau in daffo na tsakiyar gari, tana kasawa in kogi ko layin dogo ya raba shagunan da a takarda suke maƙwabta.

Gyaran abin da aka gina

Aibin waɗannan dabaru haɗama ce. Da zarar sun haɗa shago biyu ba sa waiwaye, ko da daga baya ya bayyana kuskure ne. Don haka aka sami wani rukunin dabaru da aikinsu gyara. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa ita ce ta G. A. Croes, 1958. Zana zagayenka a takarda. Duk inda ka ga layin ya gitta kansa, akwai asara a nan. Yanke haɗin nan biyu da suka gitta, ka sake ɗaura su ta ɗaya fuskar, zagayen zai ragu. Maimaita har ka rasa abin yankewa. A 1965 Shen Lin na Bell Labs ya faɗaɗa ta zuwa haɗi uku a lokaci guda. A 1973 shi da Brian Kernighan, wanda ɗaliban kwamfuta suka sani da littafin harshen C, suka bar dabarar ta zaɓi yawan haɗin da za ta yanke da kanta. A matsalar ɗan koli wannan kan kai ka kusan kashi 2 cikin 100 daga amsa mafi kyau.

A tsakanin nan aka gane dalilin da ya sa cikakkiyar amsa ke wuya. A 1972 Richard Karp na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya jera matsaloli 21, ciki har da 'yar'uwar matsalar ɗan koli, ya nuna cewa wahalarsu a ɗaure take da juna: duk wanda ya samo hanya mai sauri ta warware ɗaya, ya warware duka. Har yau babu wanda ya samo, babu kuma wanda ya tabbatar ba za a samu ba. Tun shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya raba gardamar. Wannan sakamako ya ɗaga darajar dabarun kintace. Da ana yi musu kallon abin rage zafi kafin a sami magani, yanzu aka ga wataƙila da su za a zauna. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Maƙeri da tururuwa

Gyara ma na da inda yake cijewa. Ka ɗauka kana cikin duwatsu da dare, kana neman wuri mafi zurfi, ƙa'idarka ita ce duk inda ƙafarka ta ji gangara ka bi. Za ka faɗa wani ɗan rami, ko'ina ka taka hawa ne, ka ɗauka ka iso, alhali babban kwari na bayan tudun da ke gabanka. Don ka isa can dole ka yarda ka ɗan hau. Binciken shekarun 1980 da 1990 kusan duk a kan wannan yake: yaya za a koya wa kwamfuta karɓar ƙaramar asara don ta kai ga babbar riba?

A 1983 Scott Kirkpatrick da abokansa biyu a IBM suka aro amsa daga aikin ƙarfe. Maƙeri ya san ƙarfen da aka tsoma a ruwa da zafinsa yana tauri amma yana saurin karyewa, wanda aka bari ya huce sannu a hankali kuwa cikinsa na daidaita. Haka dabararsu take. Da farko, lokacin "zafi", kwamfuta na karɓar canjin da ya ƙara tsawon hanya sau da yawa. Tana "hucewa" tana rage karɓa, har ta koma karɓar ragi kawai. A 1986 Fred Glover ya kawo wata: kwamfuta ta riƙe jerin canje-canjen da ta yi kwanan nan, a hana ta warware su na ɗan lokaci, don kada ta yi ta komawa ramin da ta fito. A 1992 Marco Dorigo, a digirinsa na uku a Milan ta Italiya, ya kwaikwayi tururuwa. Kowacce na barin wani sinadari a inda ta bi, gajeriyar hanya ta fi saurin tara shi tunda an fi yawan kai-komo a kanta, sauran sai su bi sawu.

Wani ɗan gargaɗi ga ɗalibi: bayan tururuwa an yi ta fito da dabaru da sunan dabbobi iri-iri, kuma masana da dama sun koka cewa yawancinsu tsohon zance ne a sabuwar riga. Ma'aunin gaskiya shi ne jarrabawa ɗaya ga kowa. Misali, a 1987 Marius Solomon ya fitar da matsaloli 56 na gwaji, kowacce da kwastoma 100, kowane kwastoma da lokacin da zai karɓi kaya, kamar mai shayin da burodi ba shi da amfani a wurinsa bayan ƙarfe tara. Duk mai sabuwar dabara sai ya gwada ta a kan irin waɗannan a ga inda ta tsaya. Waɗanda suka fi yin fice a irin wannan jarrabawa su ne dabarar rushe-ka-gina, wadda Paul Shaw ya gabatar a 1998, Stefan Ropke da David Pisinger suka inganta a 2006, inda ake cire wasu kwastomomi daga tsari a sake mayar da su sau dubbai, da kuma masu kwaikwayon gado, inda ake haɗa tsari biyu masu kyau su "haifi" na uku, kamar ta Thibaut Vidal da abokansa ta 2012. Waɗannan kan kai ƙasa da kashi 1 cikin 100 daga amsa mafi kyau da aka sani.

Da lissafi ya haɗu da direba

To ai sai ka ce an gama. Kamfanin UPS na Amurka ya gano ba a gama ba. Direbansu kan tsaya a wurare sama da 100 a rana, kuma a lissafin kamfanin, rage mil ɗaya a rana ga kowane direba na nufin rarar kusan dala miliyan 50 a shekara. Tun tuni suka tsara hanyoyinsu yadda mota za ta rage juyawa hagu. A Amurka ta hannun dama ake tuƙi, kamar a Najeriya da Nijar, don haka mai juyawa hagu sai ya tsaya jiran motocin da ke tahowa su wuce, ga ɓata mai ga haɗari. Wani lokaci hanya mai ɗan tsawo ita ce mai araha.

Babban aikinsu shi ne manhajar ORION, wadda suka shafe kusan shekara goma suna ginawa kafin a fara baza ta a 2013, aka kammala a 2016 a kan hanyoyi kusan 55,000. Jinkirin ba daga ƙarancin lissafi ya zo ba. Taswirorin da ke akwai ba su da cikakkiyar daidaito, sai da kamfanin ya gyara nasa. Sannan tsarin farko na ba da hanyoyin da suka yi kyau a takarda amma suke canzawa sosai daga yau zuwa gobe, abin da ke rikita direba da masu loda kaya da kwastoman da ya saba da lokacin zuwan mota. Sai da aka sake gina shi ya riƙa girmama jerin da aka saba, yana gyara a cikinsa. Daga nan ne kamfanin ya ƙiyasta rarar mil miliyan 100 da galan miliyan 10 na mai a shekara, kimanin kilomita miliyan 160 da lita miliyan 38.

A 2021 Amazon da jami'ar MIT suka sa wata gasa da ta juya tarihin nan a kansa. Suka ba masu bincike fiye da hanyoyi 6,000 da direbobi na gaske suka bi, suka ce a gina manhajar da za ta fito da jeri irin na ƙwararren direba. Dalili, direbobi kan kauce wa jerin kwamfuta saboda sun san abin da ba ta sani ba: inda ake samun wurin ajiye mota, ƙofar da ke rufe da rana, titin da ke cushewa in an tashi daga makaranta. Waɗanda suka ci kyautar dala 100,000 su ne William Cook da Stephan Held da Keld Helsgaun. Makaminsu ingantacciyar dabarar Lin da Kernighan ce ta 1973, suka ɗora mata ƙa'idojin da suka tsamo daga halin direbobi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan gida

Darasin taswira ya shafe mu kai tsaye. Duk dabarun nan abincinsu ɗaya ne, wato jadawalin nisa tsakanin kowane wuri biyu, kuma in jadawalin ƙarya ne amsar ma ƙarya ce. A garuruwanmu yawancin lunguna ba su da suna a taswira, kwatance ake yi da masallaci ko taransifoma, hanyar da ke minti goma da rani na iya rufewa da damina. Masu rigakafin shan inna sun ɗanɗana wannan. Taswirorin hannu da ake aiki da su na tsallake ƙauyuka da rugage, sai daga wajen 2012 aka fara zana taswirorin jihohin Arewa da hotunan tauraron ɗan'adam, ana ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Yana cikin ayyukan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

In kana da motar raba fiya wata, ko lemo, ko magani, ba sai ka jira manhaja mai tsada ba. Zauna da direbanka, ku rubuta nisan kowane shago daga daffo da nisan da ke tsakaninsu. In cunkoso ya fi damunku, ku rubuta mintuna maimakon kilomita, dabarar ba ta damu da ma'auni ba. Shago 25 na da haɗi 300 na biyu-biyu, manhajar jadawali a waya za ta lissafa rararsu nan take. Ku haɗa daga sama kuna duba nauyin mota, ku zana sakamakon a takarda, ku warware duk inda layi ya gitta. Sannan ka miƙa wa direba takardar ka tambaye shi inda ba za ta yiwu ba, ka kuma saurari dalilinsa.

Rubuta lambar kilomitar motar yau da safe da kuma da yamma, ka yi haka mako guda da tsohon tsari, mako guda da sabo. Bambancin da ka gani, ninka shi da kuɗin mai na kowace kilomita, sannan da kwanakin aikinka na shekara.